YADDA ZA A RABA GAREJI DA SHAMAKI MAI CIREWA

Ya kai manomi, in kaka ta yi, rumbu ya cika, sau da yawa a kan jibge buhunan gyaɗa da hatsi a gareji, kusa da mota. Wannan kuskure ne. Gyaɗa tana shan warin fetur da kananzir, mai saye kuwa da ya sunsuna sai ya karya mata daraja. In ka raba ɗakin da ginin ƙasa, ran da ka ke bukatar filin duka sai ka rushe. Abin da ya fi shi ne shamaki wanda za a kafa da kaka, a cire in an kwashe kaya.

Ga yadda a ke yinsa.

1. Ka auna faɗin garejin da tsayinsa. In faɗin ƙafa 12 ne, sai ka yi shamakin kashi 3, kowane kashi ƙafa 4, domin mutum biyu su iya ɗaukarsa. Ka rage inci 1 daga tsayin, don kada ya cije ran cirewa.

2. Kafinta ya haɗa katako huɗu na kowane kashi kamar bakin ƙofa. Ka auna da igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sa'an nan ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo daidai, aikin bai karkace ba. A gitta wani katako a tsakiya don ƙarfi.

3. A rufe shi da kwano. Kada a sa zana ko asabari inda fetur ya ke, gama ba su tare wari, wuta kuwa nan da nan ta ke cinsu.

4. A kafa ginshiƙi jikin bangon dama, wani jikin na hagu. Azarar giginya ta fi, domin gara ba ta cika cinta ba. Ka rataya dutse da zare, ka duba ko ginshiƙin ya miƙe.

5. A haɗa kashi da kashi, da kuma ginshiƙan, da ƙusa mai noti, uku a kowace mahaɗa. Ƙusar guduma tana tsaga katako wajen zarewa, noti kuwa sifana kaɗai ya ke so. In bayan garejin ba ƙofa, a bar ta a kashin tsakiya.

6. A shafa wa gindin katakon baƙin mai saboda gara, a toshe ƙarƙashinsa sarai, gama tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa ya ke bi. Buhuna kuma a ɗora su bisa itace, kada su taɓa ƙasa ko bango.

Sai gargaɗi biyu. Shamakin nan ba ya ɗaukar nauyin rufi, kada kuma a jingina masa buhuna. Na biyu ya fi girma: kada kowa ya kwana bayansa, kada a bar inji yana aiki cikin ɗaki. A cikin hayaƙin mota akwai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mai barci bai farka ba.

Ran cirewa, ka rubuta lamba jikin kowane kashi, ka zuba notuna a gwangwani, ka ajiye katakon a inuwa inda ruwa ba ya zuba. Tun ran gini ran zane: ka shirya shamakinka kafin a fara cirar gyaɗa.