Nazari a Kan Ɗaukewar Sabuwar Kwamfutar Cinya da Hanyoyin Gano Dalilinta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wata matsala da kan sami ɗalibi ko malami bayan ya tara kuɗi ya sayi sabuwar kwamfutar cinya, watau wadda ake kira laftof: yana tsakiyar aiki sai ta ɗauke ba sallama. Hasarar da ke tattare da wannan iri biyu ce. Ta farko ita ce ta aikin da ke ciki, kamar babin kundin digiri, ko hirar da aka naɗo daga bakin wani dattijo, wadda mai yiwuwa ba za a sake samun irinta ba. Ta biyu kuwa ita ce ta wa'adin garanti, wanda kullum raguwa yake yi, ko an lura ko ba a lura ba.

Tambayar da za mu bi diddiginta ɗaya ce: shin laifin na wurin da ake aiki ne, ko na manhaja, ko kuwa na jikin na'urar? Biyun farko mai kwamfuta yana iya gyara su da kansa. Na ukun kuwa nauyi ne a kan wanda ya sayar. Misalanmu za su fito daga kwamfutoci masu aiki da Windows, domin su suka fi yawa a hannun jama'a.

2.0 Fayyace Kalmar "Mutuwa"

A bakin Bahaushe fitila takan mutu, mota takan mutu, kasuwa takan mutu, har aure ma yakan mutu. Saboda faɗin ma'anar wannan kalma, wanda ya ce "kwamfutata tana mutuwa" bai gaya wa mai gyara abin kirki ba. Aƙalla akwai abubuwa biyar da akan tara a ƙarƙashinta, kowanne kuma da inda yake nunawa:

(a) Ɗaukewa: allo ya yi baƙi, fanka ta tsaya, 'yan fitilun jiki su mutu, duk a lokaci guda. A nan zargi ya fi faɗawa kan zafi, ko batir, ko caja, ko wani aibi na jikin na'ura.

(b) Sake tashi: ta mutu sa'an nan ta kunna kanta, wani lokaci bayan ta nuna shuɗin allo mai ɗauke da lambar kuskure. Daga shekarar 2025 sabon Windows 11 ya mayar da wannan allo baƙi. A nan an fi zargin direbobi, watau ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da sassan na'ura, ko kuma ram, watau ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai.

(c) Rufewa bisa tsari: ta rubuta cewa tana rufewa, sa'an nan ta mutu. Wannan alama ce ta cewa wata manhaja ce ta ba ta umurni.

(d) Barci: allo ya mutu amma wata 'yar fitila tana ƙyaftawa, da an taɓa maɓalli kuma sai a tarar da aiki yadda aka bar shi. Galibi wannan batun saiti ne.

(e) Sandarewa: hoto yana nan a allo amma ba abin da ke motsi, har sai an danne maɓallin kunnawa an kashe ta da ƙarfi.

Ke nan matakin farko na bincike shi ne mutum ya iya faɗin wanne ne daga cikin biyar ɗin nan ya same shi.

3.0 Shaidar da Kwamfuta Take Ajiyewa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Windows yana da littafin da yake rubuta abin da ya faru a cikinsa, ana kiransa Event Viewer. Idan aka buɗe shi aka shiga Windows Logs, daga nan aka shiga System, sai a nemi lokacin da abin ya auku a duba lambobin da ke wurin. Lamba 41, mai suna Kernel-Power, tana nufin kwamfuta ta tashi alhali ba a rufe ta bisa tsari ba. Lamba 6008 ita ma shaida ce ta mutuwar ba zato, tare da lokacinta. Lamba 1074 kuwa tana nufin mutum ko manhaja ce ta ba da umurnin rufewa, har ma takan ambaci sunan manhajar. Lamba 1001 mai suna BugCheck tana ajiye lambar kuskuren da shuɗin allo ya nuna, ga wanda bai samu ya karanta ba.

Sai dai a lura, lamba 41 shaidar aukuwa ce kawai, ba ta faɗin dalili. Saboda haka wajibi ne mai kwamfuta ya haɗa da nasa littafin. Duk lokacin da ta ɗauke ya rubuta rana da lokaci, da aikin da yake yi, da ko tana jone da caja ko kan batir take, da mintocin da ta yi a kunne, da kuma ko jikinta da zafi. Bayan aukuwa huɗu ko biyar, sau da yawa sai a ga abin yana bin hanya ɗaya.

4.0 Manyan Dalilai

4.1 Zafi

Furosesa, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana da iyakar zafin da take jurewa, wanda a yawancin na zamani yake wajen digiri 100 a ma'aunin Salsiyas. Idan ta kusanci wannan iyaka sai ta rage gudu, idan kuma zafin ya ci gaba da hauhawa sai ta yanke wuta don kada ta ƙone. Alamar wannan ita ce fanka ta riƙa ƙara, aiki ya yi nauyi, sa'an nan ta ɗauke, in an sake kunna ta nan take kuma ta fi saurin mutuwa.

A tsohuwar kwamfuta ƙura ce kan toshe mafitar iska, musamman bayan hunturu. Amma sabuwa ba ta daɗe ba balle ta tara ƙura. Dalilinta bai wuce uku ba: ko an ɗora ta a kan katifa ko filo an toshe ramukan da ke ƙarƙashinta, ko ɗakin ya yi zafi ainun, ko kuma tun daga masana'anta fankar ba ta juyawa, ko ba a ɗaura abin janye zafi daidai ba. Game da zafin ɗaki, kamfanoni da yawa, har da Apple da Dell, sukan ƙayyade digiri 35 a matsayin iyakar zafin wurin aiki, alhali a watan Afrilu garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri sukan haura 40 da rana. Ana iya ganin zafin furosesa da manhajar kyauta irin su HWiNFO ko Core Temp. Kwamfutar da ta doshi 90 alhali ba ta aikin kome, tana kan tebur a ɗaki mai iska, lalle tana da aibi.

4.2 Batir da Caja

Gwajin wannan mai sauƙi ne. Idan ba ta ɗaukewa sai an cire caja, ko tana mutuwa alhali ma'auni yana nuna saura kashi 40 cikin 100, batir ake zargi. Idan aka rubuta powercfg /batteryreport a tagar ba da umurni, Windows zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya riƙewa a halin da ake ciki. A sabuwar kwamfuta ya kamata lambobin biyu su yi kusa da juna. In aka ga tazara mai yawa, ko dai batirin yana da aibi, ko kuma kwamfutar ta hannu ce aka goge aka sayar da sunan sabuwa.

Haka kuma a duba rubutun da ke jikin caja. Yawancin kwamfutocin ofis suna amfani da caja mai wat 45 ko 65, manya masu aikin zane da wasanni kuwa suna bukatar fiye da 100. Ƙaramar caja ko ta jabu ba za ta iya ciyar da na'ura ba idan aiki ya yi nauyi. Cajar asali takan karɓi wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka raguwar wuta kaɗan ba ta damunta, amma soket mai girgiɗi da wutar janareta mai hawa da sauka suna iya lalata ta.

4.3 Manhaja da Saiti

Sabuwar kwamfuta takan yi watanni a kwali kafin a saye ta, saboda haka a kwanakin farko takan sauko da sabuntawa masu yawa, wasunsu kuma sai ta sake tashi suke kammala. Wannan ba cuta ba ce, lamba 1074 ma za ta tabbatar. Akwai wurin da ake gaya wa Windows sa'o'in aiki don kada ya sake tashi a cikinsu. Har ila yau, idan batir ya sauko wajen kashi 5 cikin 100, an saita yawancin kwamfutoci su ajiye aiki su yi dogon barci. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, na'urar tana gane an rufe murfinta ne ta hanyar maganaɗisu. Don haka agogo ko gidan waya mai maganaɗisu, idan ya kusanci gefen madannai, yana iya sa ta barci.

Direbobi da bayos, watau manhajar da ke tayar da na'ura tun kafin Windows, a shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar kaɗai ya kamata a ɗauko su. A kiyaye kuma, ba a sabunta bayos sai batir yana cike, caja tana jone, domin yankewar wuta a tsakiyar wannan aiki tana iya hana kwamfuta tashi gaba ɗaya.

4.4 Aibin Masana'anta

Masana aikin injiniya sun lura cewa kayan lantarki sun fi lalacewa a lokuta biyu: farkon rayuwarsu, sa'ad da kurakuran ƙira ke bayyana, da kuma ƙarshenta, sa'ad da tsufa ya kama su. Sabunta ba ta kore aibi, kuma manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A shekarar 2006 kamfanin Dell ya janye batura kimanin miliyan 4.1 ƙirar Sony saboda haɗarin gobara, a 2018 kuma kamfanin HP ya janye wasu nasa a kan dalili irin wannan. Alamar aibin jiki ita ce kwamfuta ta ɗauke idan an ɗaga ta ko an motsa murfi, ko ta mutu tana sanyi ba ta aikin kome.

5.0 Tsarin Gwaji

Ƙa'idar bincike ita ce a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya canza uku tare, ko matsalar ta tafi, bai san wanne ne ya yi maganin ba.

Na farko, a kwafe duk wani aiki zuwa filashi ko ma'ajiyar intanet tun kafin a taɓa kome, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a cire duk abin da aka jona, a ɗora ta a kan tebur a wuri mai iska, a yi aiki yini ɗaya kan batir, yini ɗaya kan caja a wani soket dabam.

Na uku, a gwada sassan jiki da ma'aunin da kamfani ya saka. A kwamfutar Dell ana danna F12 yayin tashi a zaɓi Diagnostics. A ta HP ana danna Esc sa'an nan F2. Ram kuma ana gwada ta da Windows Memory Diagnostic ko MemTest86. Duk lambar kuskuren da ta fito a ɗauki hotonta.

Na huɗu, a shiga allon bayos a bar ta a nan na kamar awa ɗaya, ko a tayar da ita da Ubuntu daga filashi a yi aiki a kai. Wannan shi ne gwajin da ke raba gardama. Idan ta ɗauke a inda babu Windows, to an wanke Windows, laifin na jikin na'ura ne. Amma in ba ta ɗauke ba, wannan bai isa ya wanke jikin ba, domin allon bayos ba ya ɗora mata nauyi.

Na biyar, a sabunta direbobi, in abin ya ƙi sai a mayar da Windows yadda ya zo daga masana'anta. Kwamfutar da ta ci gaba da ɗaukewa bayan wannan ta fita daga hannun mai ita.

6.0 Garanti da Haƙƙin Mai Saye

Babban kuskuren da akan yi shi ne a kwance sabuwar kwamfuta, ko a kai ta wurin mai gyaran bakin kasuwa ya buɗe ta. Da zarar an yi haka, an ba mai sayarwa hujjar cewa a hannun wani ta lalace. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara ɗaya, kuma ana iya saka lambar da ke ƙarƙashin kwamfutar a shafinsu a ga ranar da wa'adin ya fara da ranar da zai ƙare. Wannan ma wata hanya ce ta gane ko da gaske sabuwa ce.

A Nijeriya, Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku da karɓarsa, a gyara masa, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Abin da zai ƙarfafa shi a gaban mai kanti shi ne rasit, da kwali, da hotunan lambobin kuskure, da littafin da muka ambata a sashe na uku. Wanda ya ce "ta ɗauke sau shida cikin kwana goma, biyu daga ciki a allon bayos", ya fi wahalar kora a kan wanda ya ce "tana mutuwa" kurum.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga cewa kalmar "mutuwa" ta ƙunshi abubuwa biyar, kuma bambance su shi ne mafarin bincike. Mun duba zafi, da batir da caja, da manhaja, da aibin masana'anta, sa'an nan muka kawo matakan gwaji biyar waɗanda ba sa bukatar a kwance ko ƙusa ɗaya. Shawararmu ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce, kada binciken ya wuce mako ɗaya ko biyu. In an kawar da laifin wuri da na manhaja amma abin bai daina ba, sai a tattara shaida a mayar da ita tun wa'adi bai ƙare ba. Muna kuma fata malamanmu da masu nazarin fassara za su duba kalmomin da muka yi amfani da su a nan, su gyara wanda ya karkace, domin a samu daidaitattun sunaye na Hausa ga wannan na'ura da ta zama abokiyar karatunmu.