Darasin Zane: Buga Hoton Karkara da Farantin Jan Ƙarfe

Mun saba ganin mai zanen ƙwarya yana bin ta da wuƙa. A wannan darasi za mu duba wata sana'ar Turai wadda ruwan asid ne ke yin sassaƙar a cikinta. Maƙeran sulke suka fara ta, sa'an nan wajen shekarar 1500 wani Bajamushe, Daniel Hopfer, ya shiga buga hoto da ita a takarda.

Ga yadda ake yi. Da farko a goge farantin jan ƙarfe, a shafe shi da kakin zuma haɗe da ƙaro, a turara shi da hayaƙin kyandir har ya yi baƙi. Sai mai zane ya ɗauki allura ya zana itatuwa da tuddai da gajimare. Kakin kawai yake karcewa. Daga nan a tsoma farantin cikin asid, wanda zai ci duk inda allura ta buɗe. A wanke kakin, a cusa tawada cikin layukan, a goge saman, a ɗora takarda mai laima, a bi da su cikin injin matsi. Hoton yana fitowa a juye, dama ta koma hagu.

To, yaya ake nuna nesa da kusa, alhali tawadar baƙa ce kaɗai? Asirin yana ga lokaci. Bayan ɗan jiƙo kaɗan, sai a fid da farantin a rufe layukan nesa, a mayar da shi. Na kusa su ƙara zurfi, su sha tawada da yawa, su fito baƙi ƙirin. Na nesa kuwa su fito dishi-dishi, kamar dutse cikin hazo.

Mu dubi hoton "Itatuwa Uku" na Rembrandt, mutumin Holan, wanda ya buga a 1643. Itatuwan suna tsaye kan tudu a dama, ruwa na saukowa a karkace daga hagu, birnin Amsterdam yana can nesa da ƙyar ake hango shi. Don ƙara duhu, ya karci ƙarfen kai tsaye da tsinke.

Abin lura, ɗalibai: in aka yi gaggawa hoton ya fito fari fat, in aka yi sakaci asid ya cinye aikin makonni. Kada kowa ya taɓa asid sai malami yana wurin.