Amsar Tambaya: Na Tsinci Shaho Da Karayar Fiffike

Tambaya: Na tsinci shaho a bakin gonar shinkafata da ke fadamar Haɗeja, fiffikensa ɗaya na ja a ƙasa. Yaya zan yi da shi?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri da ba ka bar yara sun jefe shi ba. Ka fi kiyayar faratansa a kan bakinsa, domin da su yake kamu. Lulluɓe shi da tsohon zane har kai, duhu na sa shi ya natsu, sannan ka riƙe ƙafafun biyu tare ta sama da faratan. Saka shi a kwali mai huji-huji, ka ajiye a inuwa, nesa da kaji saboda murar tsuntsaye, ka kuma wanke hannu da sabulu.

Kada ka ɗura masa ruwa, yana iya shaƙe shi. Tsaki ko tuwo ba abincinsa ba ne, nama yake ci. Kada kuma ka ɗaure fiffiken da kanka.

Idan yana rawar jiki ko dalala, wataƙila guba ce: a lokacin feshin jan-baki, shaho da shirwa kan ci tsuntsayen da maganin ya kashe. Faɗa wa likitan dabbobi hakan.

Kai shi asibitin dabbobi a Haɗeja ko wurin ma'aikatan gandun dajin Baturiya a yau ɗin nan. In akwai zobe a ƙafarsa, nuna masu lambar, domin wasu tsuntsayen daga Turai suke zuwa da hunturu. Masu neman sassansa don haɗa magani za su taya, kada ka sayar.