Darasi: Injin da ke shan iskar sata

'Yan uwa, iyalai da dama a sansaninmu da ƙaramin injin fetur suke samun na cefane: janaretan cajin waya, injin markaɗe, injin ban ruwa ko babur. Darasinmu na wannan fitowa kan wata 'yar ɓaraka ce da ke kashe inji a hankali.

Kabureta ita ce ke gauraya fetur da iska daidai gwargwado. Tsakaninta da kan injin akwai wani baƙin faifai mai kauri, na roba mai tauri, da siririn gaskit a kowane gefensa. Gaskit yana toshe kafar iska. Faifan kuwa yana tare zafin inji kada ya isa kabureta.

Idan gaskit ya yage ko faifan ya tsage, iska takan shiga ta bayan fage, sai ta rinjayi man. Za mu ji ƙarar injin tana hawa tana sauka, ko ya ƙi zama sai an ja cok, ga zafi fiye da kima. Barin cok a jaye ba magani ba ne, mai kawai yake sha.

Wasu kan cire faifan su ɗaura kabureta haka nan. Sakamakonsa, da an kashe inji zafi ya hau kabureta, man cikinta ya tafasa, injin ya ƙi tashi sai ya huce.

Ga yadda za mu gwada. A fitar da injin fili, nesa da tantuna da yara. Yana aiki a hankali, a fesa ruwa kaɗan a mahaɗar. Idan ƙararsa ta sauya, nan ɓarakar take. Kada a gwada da fetur, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye layi guda na bukkoki.

Wajen gyara, a rufe mai, a bari ya huce. A kankare tsohon gaskit tas, a sa sabo gefe biyu, ramukansa su dace da na faifan. Kwali da gam ba sa jure fetur. A ɗaure noti biyun kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Matsi da yawa ke fasa faifan.

A ƙarshe muna tunatarwa: kada a kunna inji cikin ɗaki ko tanti ko da don gwaji ne. Hayaƙinsa yana ɗauke da gubar da ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.