Kafofin Hanci da Yadda Ake Taimakon Mai Haɓo

Kafofin hanci biyu ne, wani siririn bango na guringuntsi da ƙashi ya raba tsakaninsu. Baligi yana shaƙar iska kimanin lita 10,000 a kowace rana, kuma yawancinta ta nan take bi. Kafin iskar ta isa huhu, hanci yana yi mata aiki uku: ya tace ta, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta. Gashin bakin kafa yana tare manyan ƙwayoyin ƙura, majina kuma ta kama ƙananan. Duk wanda ya taɓa fyace hanci bayan ya dawo daga kasuwar Dapchi cikin hunturu ya ga wannan aiki da idonsa, ba ya buƙatar dogon bayani.

Abin da masu bincike suka gano

Kafofin biyu ba sa aiki daidai wa daida. Idan mutum ya toshe ɗaya da yatsa ya shaƙa, sannan ya toshe ɗayar, zai ji ɗaya ta fi buɗewa. Bayan 'yan sa'o'i sai su yi musaya, kamar matan gida masu karɓa-karɓar girki. Wannan ba mura ba ce. Naman cikin hanci ne ke kumbura a ɓangare ɗaya, ya saɓe a ɗayan. Wani likitan Jamus, Richard Kayser, shi ya bayyana haka a 1895. A 1999 Noam Sobel da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka sun nuna amfanin musayar: wasu ƙamshin sun fi jiyuwa ta kafar da iska ke gudu, wasu kuma ta wadda iska ke bi a hankali. Kafin nan, a 1991, Linda Buck da Richard Axel sun gano ƙwayoyin halittar da ke sa a ji wari da ƙamshi, aka ba su lambar Nobel a 2004. Ɗan Adam yana da masu karɓar ƙamshi a hanci kusan iri 400.

Raƙuman da ake gani a kasuwannin Nguru da Gashua suna iya rufe kafofin hancinsu idan guguwa ta taso. Binciken Knut Schmidt-Nielsen ya nuna cewa hancin raƙumi mai ƙishirwa yana tsotse danshin numfashin da zai fita, ya rage asarar ruwa.

Masana kwamfuta ma sun sa hannu. Manhajar gane fuska tana fara neman inda ido da hanci da baki suke a hoto, kuma kafofin hanci alama ce mai sauƙin samu, domin ɗigo biyu ne masu duhu. Akwai kyamarar da ke auna zafi, tana ƙirga numfashin maras lafiya ba tare da an taɓa shi ba, saboda bakin hanci yana yin sanyi idan an shaƙa, ya yi ɗumi idan an fitar. Zanen da ke hancin saniya kuwa nata ne ita kaɗai, shi ya sa ake gwada gane shanu da hoton hancinsu.

Daga ina haɓo ke fitowa?

Abin da ke yawan shafar gidajen yankin Dapchi da Gashua da Nguru game da hanci shi ne haɓo. A gaban bangon da ya raba kafofin, daidai inda ɗan yatsa ke kaiwa, ƙananan jijiyoyin jini sun haɗu a ƙarƙashin fata mai laushi ƙwarai. Likitoci suna kiran wurin da sunan Kiesselbach, likitan Jamus da ya yi rubutu a kansa a 1884. Kusan tara cikin goma na haɓo daga nan yake fita.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta busar da komai. A Afrilu da Mayu kuma zafi yana haura digiri 40. Fatar cikin hanci ta bushe ta tsage, yaro ya sa farce ya ɓamɓare busasshiyar majina, jini ya ɓalle. Yawancin haɓo ba shi da haɗari. Haɗarin yana zuwa ne daga masu taimako, domin abu na farko da bakin kowa ke faɗi shi ne a ɗaga kai sama. Kuskure ne. Ba a ɗaga kan mai haɓo sama, ba a kuma kwantar da shi rigingine.

Yadda abin kan kasance a gida

Misali, yaro ɗan shekara bakwai ya shigo da gudu daga makarantar allo, jini na ɗiga a gaban rigarsa. Uwar tana bakin murhu, ta yar da muciya ta yi salati. Kafin ta isa wurinsa maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

"Ke, ɗaga masa kai! Auta, dubi sama, dubi sama!"

Kaka ta fito daga ɗaki da buta, ta kwara masa ruwa a ka. Maƙwabciya ta zagayo ta ƙofa ba ko sallama, ta yage bakin wani tsohon zane, ta murɗa, ta cusa masa a hanci, ta kwantar da shi a tabarma fuska sama. Wata kuma ta ce a yanko albasa. Jini ya daina fitowa waje.

"Kin gani ko, Goggo? Haka nake yi wa nawa, nan take yake tsayawa."

Yaro dai yana ta haɗiyar wani abu, maƙogwaronsa na motsi, ba wanda ya lura. Can bayan la'asar sai ya kama ciki, ya yi amai baƙi ƙirin mai gudaje. Gida ya rikice. Wannan ta ce mayu ne, waccan ta ce hanjinsa ne ya tsinke. Maigida ya dawo ya tarar da kuka, aka nemo babur, aka ci bashin kuɗin mai. Ita kuwa mai ba da shawarar ta riga ta koma gidanta tana tuƙa tuwonta, gobe kuma a wani gidan za ta maimaita.

Yayar yaron, wadda ke zuwa ajin yaƙi da jahilci, ita ce ta ce: "Baba, jinin hancinsa ne ya haɗiye. Da an bar shi a zaune ya sunkuya, da bai shiga cikinsa ba." Gaskiya ta faɗa.

Illar ɗaga kai

Bayan hanci a buɗe yake zuwa maƙogwaro. Idan an ɗaga kai, jinin bai tsaya ba, hanya kawai ya sauya. Zai gangara ciki ya tayar da zuciya ya jawo amai, yunƙurin aman kuma ya sake buɗe jijiyar. Yana iya bin hanyar iska ya sa mutum ya ƙware, kuma wannan ya fi muni ga jariri, da tsoho, da wanda ya suma. Ga shi kuma ba wanda zai san yawan jinin da ya zuba, tunda an ɓoye shi. Tsumman da aka cusa yana kai datti kan rauni, ranar ciro shi kuma ya taho da gudan jinin da ya toshe wurin. Saboda haka ko wa ya ce a ɗaga kai, ko kaka ce, ko mai unguwa ne, a ba shi haƙuri cikin ladabi, amma kada a ɗaga.

Abin da ya kamata a yi

A zaunar da mai haɓo, ya ɗan sunkuyar da kai gaba. A kama tattausan ɓangaren hanci, ƙasa da ƙashin karan hanci, da babban yatsa da manuni, a matse kafofin biyu tare. Ya yi numfashi ta baki. Jinin da ya shiga baki ya tofar a tasa. A riƙe minti 10 zuwa 15 cur, a duba agogon waya, ba a saki don a leƙa ko ya tsaya. Matsewar ce magani, domin tana danne jijiyar har jini ya daskare. Idan an saki bai tsaya ba, a sake riƙewa. Bayan ya tsaya, kada a fyace hanci ko a sa yatsa har kwana guda. Wanda ya taimaka ya wanke hannu da sabulu.

Lokacin zuwa asibiti

A tafi asibiti idan jini bai tsaya ba bayan minti 30 ana matsewa, ko yana kwarara da yawa, ko mutum yana jiri. Haka nan idan haɓon ya biyo bayan faɗuwa ko duka a ka, ko ya sami yaron da bai kai shekara 2 ba, ko mai hawan jini, ko mai shan maganin tsinka jini, ko yana dawowa a kai a kai. Haɓo tare da zazzaɓi mai tsanani yana iya zama alamar cuta irin zazzaɓin Lassa, don haka kada a taɓa jinin da hannu tsirara. A fara da asibiti mafi kusa a Dapchi ko Gashua. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru. A kan hanya ma a zaune zai tafi, kai a sunkuye, hanci a matse.

Rigakafi

Wannan sananne ne. A yanke wa yara farce. A shafa ɗan man kaɗanya mai tsabta ko basilin a bakin kafofin hanci lokacin hunturu. A rufe hanci da rawani ko mayafi ranar hazo, a sha ruwa sosai, a nisantar da yara daga hayaƙin murhu.

Duk wanda ya karanta wannan darasi ya koya wa mutanen gidansa da maƙwabtansa tun kafin hunturu ya kama: mai haɓo zama yake yi, ya sunkuya, a matse masa hanci minti 10 zuwa 15. Ba a ɗaga masa kai.