Uku-uku Gama Gari

'Ya'yana na Malali, da yawa cikinku kun tashi kun tarar da tukunyar gas a kicin, shi ya sa in aka ce muku "uku-uku gama gari" sai ku yi zuru. Amsar wannan kacici-kacici ita ce murhu: duwatsu uku da ake girkewa a ƙasa, a ɗora tukunya, a iza itace ta tsakaninsu. Wasu kan ce murfu, domin h da f suna musanya a bakin Hausawa, kamar huɗu da fuɗu. Daga baya maƙera suka ƙera na ƙarfe, zobe ɗaya da ƙafa uku, sunan bai canza ba. Kurfoti na gawayi aron Turanci ne, risho na kananzir aron Faransanci, amma murhu namu ne.

Me ya sa uku? Ku lura da tebur mai ƙafa huɗu a tsakar gidan da ba a yi wa siminti ba. Sai ya yi ta ɗingishi har a cusa masa takarda. Mai ƙafa uku kuwa, ko ƙasa ta karkace, dole kowace ƙafa ta taka. Dutse biyu ba zai riƙe tukunya ba, na huɗu kuma hana itace hanya zai yi. Iyayenmu mata ba su karanta lissafi a Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke nan unguwarmu ba, amma hannunsu ya san wannan darasi tun kafin a kafa ta a 1973.

Abin da kuke ɗora waya a kai ku ɗauki bidiyon TikTok, da wanda safiyo ke kafawa in zai auna fili, hikimarsu ke nan. Sunan da Turawa suka ba shi ma daga Girkanci ne, kalmar "uku" da kalmar "ƙafa" aka haɗa. To me zai hana ku ce masa mai ƙafa uku? Ba ƙauyanci ba ne. Sai dai kada ku ce masa murhu, domin murhu sai da wuta.

Ban ce ku yi sha'awar hayaƙi ba. Yana cin ido, yana cin ƙirji, mafi yawan zafin itacen kuma a iska yake tafiya. Amma in gas ya yi tsada, ko biki ya taso za a tuƙa tuwon taro, murhu ake komawa, kun gani da idonku. Ranar da aka ɗora sanwa a gidanku, ku ajiye waya, ku zauna gindin murhu kusa da inna ko goggo, ku koyi daidaita duwatsu da hura wuta a fili inda iska ke kaɗawa. Allah ya yi muku albarka.