Wutar da Talabijin ke Sha Bayan an Kashe Shi

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC, mai kula da harkar lantarki a Najeriya, ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A. Yunit ɗaya ya tashi daga kusan naira 68 zuwa naira 225. Rukunin A su ne layukan da aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana. An ɗan sassauta farashin a watannin da suka biyo baya, amma bai sauko ƙasa da naira 200 ba.

Unguwar Nassarawa GRA a Kano, inda kamfanin KEDCO ke raba wuta, unguwa ce ta manyan gidaje. A titin Sultan ko Alu ko Lamido, gida ɗaya kan ƙunshi falon maigida, da sashen uwargida, da ɗakunan yara, da ɗakin maigadi, kusan kowanne da talabijin da dikodarsa. Duk gidan da layinsa ya faɗa rukunin A, mai shi ya ji a jikinsa. Ana loda kati yau, kwana kaɗan mita ta soma kuka. Zargi yakan tafi kan esi da firiza da dutsen guga, kuma da gaskiya, su ne manyan masu ci. Sai dai akwai wasu da ke ci a ɓoye.

Idan aka kashe talabijin da rimot, bai mutu ba. Ɗan jan haske yana nan a ƙasansa, alamar yana jiran a sake danna rimot ɗin, kuma wannan jira da wuta yake yin sa. Haka dikoda, da na'urar ɗumama abinci mai nuna agogo, da sifikun falo. Sitabilaiza ma, ko babu abin da ke aiki a kanta, tana nan tana gunji a hankali. Abin kamar randa ce mai tsaga: ba a ganin ruwa na kwarara, amma da safe a tarar ya ragu.

Lissafin ba shi da wuya. Ana auna ƙarfin da na'ura ke ja da wat. Wat 1,000 na tsawon awa ɗaya shi ne yunit ɗaya na mita. A ɗauki na'urar da ke jan wat 10 tana zaman jira. A awa 20 a rana ta sha kashi ɗaya cikin biyar na yunit, a kwana 30 ta cinye yunit 6. A farashin naira 200, naira 1,200 ke nan. Idan gida yana da irinta biyar, naira 6,000 ce a wata, 72,000 a shekara, ba a kalli labarai ba, ba a ɗumama miya ba. Wannan kuɗi ne da zai yi wa gida cefane.

Matsalar ba ta Kano ce kaɗai ba. A 1999 Hukumar Makamashi ta Duniya da ke Faris ta yi kira ga masu ƙera kayan lantarki da kada na'ura ta wuce wat ɗaya idan tana zaman jira. Tarayyar Turai ta mai da haka doka daga 2010, sannan a 2013 ta rage zuwa rabin wat ga yawancin na'urori. Shi ya sa sabon talabijin ba ya shan abin a zo a gani idan an kashe shi. Amma gidajenmu cike suke da tsofaffin kaya da na hannu, waɗanda aka ƙera kafin dokar. Dikoda kuwa, da yawansu ɗan kaɗan ne bambancin abin da suke sha a kunne da a kashe.

Cajar waya da aka bari a soket ita ake yawan yi wa yara faɗa a kanta, alhali cajar zamani ba ta kai ko wat ɗaya ba idan babu waya a jikinta. Gara a kai faɗan inda ya dace.

Akwai hanya biyu ta gane ɓarawon. Ta farko hannu: na'urar da aka kashe tun ɗazu, amma bayanta da ɗumi, tana shan wuta. Ta biyu mita. Mita mai kati tana da jan haske da ke ƙiftawa gwargwadon wutar da gida ke ja. A kashe komai yadda aka saba, a cire firji da firiza na 'yan mintoci, a tsaya a duba. Idan hasken bai daina ƙiftawa ba, sai a bi ɗaki-ɗaki ana kashe soket har a ga inda ya lafa.

Maganin yana jikin bango. Soket mai ido uku da ake sawa a gidajen Najeriya yana da makunninsa, ana danna shi wuta ta yanke gaba ɗaya. A haɗa talabijin da dikoda da sifika a kan allon soket guda, makunni ɗaya ya kashe su duka kafin a kwanta. Abin da za a jure kawai shi ne ɗan jiran da dikoda ke yi kafin tashoshi su fito. Akwai kuma ƙarin riba: idan aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare, ba ta samun hanyar ƙona su. Firji da firiza dai ba a taɓa su.

Masu sola su ne ya fi kamata su kula. Inbata da kanta tana cin wuta muddin tana kunne, babba takan ci wat gommai ko da babu komai a kanta. Ga ta, ga dikodoji suna jira, batir na zuƙewa tun daga isha'i. A zafin Afrilu, wannan cajin da ya tafi a banza shi ne wanda zai riƙe fankar ɗakin yara har asuba.